Kaburburan zamanin Nasara: mu kwafe rubutun kafin ƴan gwangwan su riga mu

A yawancin garuruwan da Nasara ya kafa bariki a ƙasar nan, akwai wani fili da muke wucewa kullum ba mu ɗaga kai. Wani wurin da sauran ganuwa, wani wurin ganuwar ta zube, awaki na kiwo tsakanin tudun siminti da guntayen ƙarfe masu siffar gicciye. Maƙabartun Kirista ke nan na zamanin mulkin mallaka. Ra'ayina shi ne a kwafe duk abin da ke rubuce a kan waɗannan duwatsu, a ɗauke su hoto, a haɗa su da abin da ke cikin rajistocin majami'u, kuma a yi shi yanzu. Malaman tarihi na kwaleji da lise, tare da uwayen yara, su ne na ga sun fi dacewa su ja gaba. Na san mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, kuma na san tambayar da ke bakinsu: mi ya haɗa mu da kushewar Nasara?

Mu fara da su wa ke kwance a wurin. Mutane na zaton duka sojojin Faransa ne. Akwai su, tabbas, musamman a Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin ƙasar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Amma Bature bai taɓa yawa a Nijar ba. Masu riƙe masa alƙalami da mabuɗi baƙaƙen fata ne: akawuna, ma'aikatan gidan waya, malaman asibiti, mushen lakol, kafintoci, direbobi, kuku. Da yawansu daga Dahome da Togo aka kawo su, domin can mishan ya daɗe da buɗe makarantu, wasu kuma daga ƙasar Mosi ko kudancin Najeriya. Sun zo da matansu, sun haihu a nan, sun binne jariransu a nan. A watan Disamba na 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, gwamnatin Diori ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, dubban mutane suka fita cikin gaggawa. Sun ɗauki akwatunansu, matattunsu kuwa suna nan. Jikokinsu yau suna Kwatano da Porto Novo, wasu kuma ƴan Nijar ne cikakku, suna zaune a aji tare da ƴaƴanmu.

Ga kuma ƴaƴan da Turawa suka haifa da matan ƙasa, waɗanda aka riƙa tattarawa a gidan renon da aka buɗe musu a Damagaram. Uwayensu mata ƴan gidajenmu ne, Fulani, Abzinawa, Hausawa, Barebari. Sannan akwai Hausawan da suka shiga Kiristanci ta hannun mishan ɗin SIM, wanda ya sauka Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Wanda ya yi tambaya a Gobir ko Arewa zai tarar da gidaje da dama da kaka ɗaya ya haɗa limami da fasto.

Abin da ya ba waɗannan duwatsu daraja shi ne kwanan wata. Dubi takardar haihuwar mahaifinka ko kakanka: sau da yawa abin da ke kai shi ne "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza, kuma wani ne ya dubi fuskarsa ya yi kintace. Rajistar haihuwa da mutuwa ta zamanin Nasara an kafa ta ne domin Turawa da ƴan tsirarun da ke da matsayin ɗan ƙasar Faransa. Talaka, sunansa a takardar haraji yake, in ma ya samu shiga. Mu kuma Musulmi ba mu saba rubutu a kan kabari ba, malamai da yawa na ganin karhancinsa. Ana kafa itace ko tsingaro, bayan damina uku sai ƴan gida kaɗai suka san wurin. Lissafinmu na baki ne: an haife ta shekarar Kakalaba, ya yi aure shekarar da aka naɗa sarki wane. Wannan lissafi yana da ƙarfi, amma yana bukatar turke. Idan tsohuwa ta ce an haifi babanka daminar da matar akawun kumandan ta rasu wajen haihuwa, kuma dutsen matar yana nan da rana da wata da shekara, to ka samu shekarar haihuwar babanka daga kabarin da ba na danginku ba. Haka kuma, idan ka ga kaburburan jarirai da yawa sun taru a watannin bazara na shekara guda, sai ka je ka tambayi tsofaffi ko sanƙarau ya ratsa garin a wannan shekarar.

Akwai masu cewa lokacin girmama ɗan mulkin mallaka ya wuce. Na yarda. A watan Oktoba na 2024 an sauya sunan titin de Gaulle a Yamai ya koma na Djibo Bakary, aka maye hoton Monteil da na Thomas Sankara, ni kuma ban yi baƙin ciki ba. Sunan titi karramawa ce, al'umma na da ikon zaɓen wanda za ta karrama. Dutsen kabari kuwa shaida ne. Kaburburan Voulet da Chanoine suna Maijirgi, kusa da Tasawa. Su ne suka ƙone garuruwa daga bakin kogi har ƙasar Hausa a 1899, suka yi kisan Birnin Ƙonni, suka afka wa Lugu ta Sarauniya, suka harbe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe su. Mutanen da suka hallaka ba su da dutse ko ɗaya. Idan wani ya tashi da guduma ya farfasa kaburburan Maijirgi don huce haushi, wa ya yi wa aiki? Wanda ke son a ce abin bai faru ba. Malamin da ya kai ɗalibansa wurin, ya tsayar da su, ya sa dattijan garin su ba da labarin da suka ji daga kakanninsu, ya fi wanda ya karanta musu shafi biyu a aji.

Ta fuskar addini ban ga abin tsoro ba, ko da yake ni ba mai ba da fatawa ba ne. Cikin Buhari an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Ba wanda ya ce a je a yi addu'ar wani addini. Littafi da alƙalami za a riƙe.

To ina takardun suke? A nan ne mutane ke ɓata lokaci, domin suna fara nema daga nesa.

Wuri na farko shi ne majami'ar garin. Dokar cocin Katolika ta wajabta wa kowace majami'a riƙe rajistar baftisma, ta aure, da ta mamata. Katolika sun zauna Yamai tun 1931, daga baya suka bazu zuwa Damagaram, Dogon Dutsi, Maraɗi da sauransu. Kafin gari ya samu nasa limamin coci, na wani gari ne ke zagayowa, sai ya rubuta a littafin tasharsa. Saboda haka wanda ya rasu a ƙaramin bariki, a nemi sunansa a majami'ar da ta girmi ta garin. Tun 2001 jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi, ofishinsa ne zai faɗa maka inda tsohon littafi ya koma. Kada ka raina rajistar baftisma don kana neman mutuwa. Ita ce ke ɗauke da sunan uba da uwa da garin asali, kuma a gefen shafi ake ƙara bayanin aure daga baya. Wani sashen rubutun da Latinanci yake, amma kalmomin kaɗan ne, suna maimaita kansu, wanda ya iya Faransanci zai gane su cikin yini guda.

Ɓangaren SIM da majami'un da suka fito daga cikinsa, irin su EERN, al'adarsu daban ce. Ba su da tsarin rajista mai tsauri kamar na Katolika, amma ƴan mishan ɗin marubuta wasiƙu ne da rahotanni, suna ambaton wanda ya tuba, wanda ya yi aure, wanda ya rasu. Yawancin waɗannan takardu suna ma'ajiyar SIM a Amurka. Barbara Cooper ta yi amfani da su a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi. Sai dai a nan gida, dattijan majami'a sun fi kowace takarda sani, kuma kowace shekara suna raguwa.

Na gwamnati kuwa ya rabu gida huɗu. Akwai abin da ya rage a ma'aikatun magajin gari da kotuna. Akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, inda rahotannin kumandojin da'ira suke. Akwai Dakar, domin can ne hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa take. Sai Faransa kanta: ma'ajiyar takardun ƙasashen mallaka a Aix-en-Provence, wadda ta sa tsofaffin rajistocin haihuwa da mutuwa da yawa a intanet kyauta, da ofishin Nantes mai riƙe da waɗanda ba su cika shekara ɗari ba, na masu takardar zama ɗan Faransa. Wanda kakansa ya mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 cikin kakin soja, Musulmi ne ko Kirista, ya duba shafin Mémoire des hommes. Abin haushi ne a ce ɗan Tawa sai ya nemi kakansa a kwamfutar wata ƙasa, amma tunda an buɗe, mu ɗauko abinmu mu ajiye kwafi a gida.

Gaggawar da nake yi tana da dalili. Gara ba ta san littafi mai tsarki ba, rufin kwano yana yoyo, kuma mun ga abin da ya faru a watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Littafin da babu kwafinsa, ashana ɗaya ta ishe shi. A maƙabarta kuma, yawancin kaburburan ba na marmara ba ne. Siminti ne da aka zana wa haruffa da ƙusa tun yana ɗanye, ko farantin ƙarfe da aka rubuta wa suna da fenti. Rana da hunturu suna cin simintin, masu sayen tsohon ƙarfe suna biya da kilo, gari kuma yana matsowa da fegi. Dangin da za su tsaya su yi magana ba su nan.

Aikin ba ya bukatar kuɗin wata ƙungiya daga waje. Aji ɗaya, salula biyu ko uku, littafin rubutu, da izini. Izinin shi ne farko: daga shugabannin majami'a, daga magajin gari, daga uwayen yara, kuma duk uban da bai yarda ɗansa ya je ba a ƙyale shi ba tare da gori ba. A je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace, shi ne ke fito da haruffan da suka shafe. A zuba ruwa kaɗan in ana so, amma kada a goge da burushin ƙarfe ko a bi rubutun da fenti. A zana taswirar wurin, a ba kowane kabari lamba, domin wanda ke kwance kusa da wane shi ma bayani ne. A kwafe rubutu yadda yake, har da kuskurensa. Inda harafi ya ɓace a bar gurbi, kada yaro ya cika da tunaninsa. A yi kwafi uku: ɗaya ga majami'a, ɗaya ga magajin gari, ɗaya ga lakol. Kuma ba komi ake zubawa a Facebook ba. Rajistar baftisma na iya nuna wanda aka haifa ba aure, ko wanda kakansa ya sauya addini, alhali jikokin na raye kuma ba su so a sani. Dutsen da ke fili kowa na iya karantawa, abin da ke cikin littafi kuwa sai da yardar masu shi.

Inda yaran za su fi shan wuya, kuma inda za su fi ƙaruwa, shi ne sunaye. Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji: Usman ya zama Ousmane, Cima ta zama Tchima, Tasawa ta zama Tessaoua, ƙ da ɗ da ɓ duka suka ɓace. Mutum ɗaya yana iya zama Yusufu a gida, Joseph a littafin baftisma, Issoufou a takardar soja, dutsen kabarinsa kuma ya ɗauki sunan garinsu a matsayin sunan uba. Saboda haka kafin a buɗe kowace rajista, sai yaro ya zauna gaban kakarsa ya rubuto duk sunayen da aka taɓa kiran mamacin da su, har da lakabi da sunan da surukai ke sakaya shi da shi, da sana'arsa, da Baturen da ya yi wa aiki in an tuna. Sau da yawa sunan Baturen ne ke kai mutum ga shekarar, domin an rubuta ranar da kowane kumandan ya kama aiki da ranar da aka ɗauke shi.