Fim Ɗin Da Ya Gargaɗi 'Yan Daba, Ya Kuma Ƙara Musu Kwarjini

Yau za mu leƙa kudancin ƙasar Indiya, mu duba wani fim wanda masu shi suka shirya don su tsoratar da samari daga harkar daba, amma abin da ya biyo bayansa ya saɓa wa niyyarsu.

Da yawanmu in an ambaci fim ɗin Indiya sai hankali ya tafi birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai, inda ake wasa da harshen Hindi. Alhali kuwa akwai wata jiha a kudu mai suna Karnataka, babban birninta Bangalor, mutanenta suna magana da harshen Kannada, kuma suna da nasu kamfanonin fim. A can ne aka fitar da fim ɗin nan mai suna Om a shekarar 1995. Sunan wata kalma ce mai tsarki a wurin mabiya addinin Hindu. Wani saurayi, Upendra, shi ya rubuta labarin ya kuma shirya shi, Shivarajkumar ya fito a matsayin jarumi, Prema kuma ta fito a matsayin yarinyar da yake so.

Labarin ba shi da wuyar faɗi. Satya ɗan wani malamin addinin Hindu ne, yaro mai ladabi, wanda son wata yarinya, Madhuri, ya ja shi har ya ɗauki adda ya zama gawurtaccen ɗan daba a Bangalor. Da ya zama abin tsoro ga kowa, sai ita yarinyar ta ƙi shi, danginsa kuma suka juya masa baya. Da ya nemi ya tuba ya koma zaman mutunci, sai ya tarar tsofaffin abokan gaba ba su yarda an gama ba. Watau dai shiga daba da sauƙi, fita ita ce aiki.

To, ga inda gizo ke saƙa. Don a nuna abin kamar yadda yake, sai Upendra ya kawo 'yan daba na ainihi, waɗanda 'yan sandan Bangalor suka san sunayensu, ya sa su cikin fim ɗin suka fito da fuskokinsu. A ganina nan ne gargaɗin ya sami rauni. Yaron da ya biya kuɗinsa ya shiga sinima, ya ga mutumin da unguwa ke tsoro an haska shi a bango tare da babban jarumi, ana ta kiɗa da tafi, wane darasi zai ɗauka ya tafi da shi gida? Nadamar Satya takan zo can baya, sa'ad da ido ya riga ya ƙoshi da kallon yadda ake darewa in ya doso.

Abin mamaki kuma shi ne gidan da fim ɗin ya fito. Shivarajkumar babban ɗan Rajkumar ne, jarumin da ya yi fim fiye da 200, wanda aka shaide shi da cewa ba ya shan taba ko giya a cikin wasa don kada yara su kwaikwaya. Uwargidansa Parvathamma ita ta zuba kuɗin shirya Om, shi da kansa kuma ya rera waƙa a ciki. Ashe ke nan ba mutanen banza suka yi aikin ba, ba kuwa ɓarna suka nufa ba.

Karɓuwa kam ya same ta. Gwamnatin jihar ta ba Shivarajkumar da Prema lambobin yabo, ta ba Upendra ta tsara labari. An sake yin sa da harshen Telugu a 1997, kana a 1999 aka yi Arjun Pandit da harshen Hindi bisa irin labarinsa, wanda Sunny Deol da Juhi Chawla suka fito a ciki. 'Yan kasuwa kuwa ga abin lura. Masu fim ɗin sun ƙi sayar da shi ga gidajen talabijin har shekara 20, suna ta mayar da shi gidajen sinima, an ƙiyasta fiye da sau 550, jama'a na ta biya suna sake kallo. Sai a 2015 suka sallama wa tashar Udaya a kan kuɗin da aka ba da labarin sun kai Rufi miliyan 100. Tsohon kaya ya yi tsadar da sabo bai yi ba, don kawai mai shi ya iya riƙo.

Su kuma sauran masu shirya fim da suka ga inda riba take, sai suka yi ca a kan labarin adda da sara-suka, har ya zama wani fanni mai zaman kansa a finafinan Kannada. Shi kansa Shivarajkumar ya sake ɗaukar adda a fim ɗin Jogi a 2005, ya kuwa sake cika gidajen sinima. Akasarin masu kwaikwayon sun ɗauki saran, sun bar nadamar.

Kada mai karatu ya ce abin ya yi mana nisa. K.G.F, wanda samarinmu suka kalla da fassarar Hausa a wayoyinsu, fim ɗin Kannada ne, kashi na farko ya fito a 2018, na biyu a 2022 ya tara fiye da Rufi biliyan 10. Wanda ya shirya shi, Prashanth Neel, ya faɗa a fili cewa Upendra ne gwaninsa a wannan sana'a. A cikin Om an nuna ɗan daba yana neman hanyar fita, a cikin K.G.F kuwa an nuna shi yana neman mallakar zinariyar ƙasa baki ɗaya.