Darasin Wusasa: Mu San Ƙasarmu, Mu San Yawanmu

'Yan'uwa manoma, maganata a wannan fitowa ta shafi ku da kuke zaune a ƙauyukan bakin gari, watau inda mutum yana tsaye a gonarsa yana hangen rufin kwanon birni. Ra'ayina shi ne, kowace ƙungiyar gama kai a irin wannan wuri ta fara da abu biyu kafin zancen taki ko rance: ta san iyakar ƙasarta, ta kuma san yawan mutanenta. Bari mu ɗauki Wusasa misali, gama yawancinmu mun san sunanta.

Wusasa tana yamma da birnin Zariya, a bayan ganuwa, kusa da dutsen Kufena, cikin Jihar Kaduna. Ƙasar wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, sai manyan duwatsu nan da can. Ruwan sama yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. Ƙasa ce ta dawa da masara da gyaɗa da auduga, ga kuma fadamun rake da kayan lambu a bakin rafuka.

A 1929 ne Mishan ta C.M.S. ta tashi daga cikin birni, inda Likita Miller ya zauna tun 1905, ta koma Wusasa. A lokacin wurin bayan gari ne, fili ko'ina. Aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa, aka kuma kafa makaranta da asibiti. Mutane suka taru, Hausawa da Fulani da waɗansu daga nesa. A nan Janar Yakubu Gowon ya girma, ko da yake iyayensa daga ƙasar Filato suka fito. A nan kuma Farfesa Ishaya Audu ya yi makaranta, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

To, inda akwai asibiti da makaranta da hanyar mota, jama'a ba ta daina zuwa. Zariya kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An buɗe jami'a a Samaru a 1962, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta ƙaruwa. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Zariya kaɗai ta wuce mutum 400,000. Yau gidaje sun kusa haɗe Wusasa da birni, Kirista da Musulmi suna zaune maƙwabtan juna a inda dā ake yankan dawa. Ba laifin kowa ba ne. Haka gari yake girma. Amma abin da ya faru a Wusasa yana tafe zuwa ga kowane ƙauye da ke gefen Kaduna ko Jos ko Bauchi ko Yola.

Ga lissafi mai sauƙi. Yawan mutanen Nijeriya yana ninka kansa cikin kimanin shekara 30, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa ko da taku ɗaya. Mutum mai eka 8 da 'ya'ya huɗu masu gado, kowannensu zai sami eka 2. Idan su ma suka haifi huɗu huɗu, jika zai tashi da rabin eka. Wannan fa idan ba a sayar da kome ba ke nan. Amma a bakin gari dillali yana zuwa. Eka ɗaya takan ba da fuloti wajen 8 masu ƙafa 50 da 100. Kuɗin yana da yawa a ido. A aikina na malamin gona na ga inda irin wannan kuɗi yakan tafi: babur, biki, rufin kwano. Bayan shekara biyu mai gonar yana neman aron fili a wurin da ya fi nisa, ko kuwa ya zama lebura a ginin da ake yi a kan gonar ubansa.

Akwai kuma zancen doka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna. Shi ne yake da ikon cewa wuri kaza ya shiga cikin gari. Idan hukuma ta karɓi fili domin aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka manomin da ba shi da takarda, ba shi da shaidar iyaka, shi ne yake fara shan wahala.

Na san waɗansu za su ce, ai ƙidaya aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, amma rabon da a yi ƙidaya a ƙasar nan tun 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Alƙaluman 2006 ma na jihohi da ƙananan hukumomi ne, ba za su gaya muku yara nawa ne a unguwarku ba. Waɗansu kuma suna tsoron rubuta suna domin tunawa da haraji, waɗansu suna ganin ba kyau a ƙidaya 'ya'ya. Ina girmama dattawanmu, amma uwargida ba ta auna hatsin tuwo sai ta san bakuna nawa za su ci.

Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta yi da ranin nan.

Na fari, ku sayi littafi ɗaya. Ku nemi izinin mai unguwa ko dagaci, ku bi gida gida, ku rubuta manya nawa, yara nawa, masu noma nawa, eka nawa. Kada ku tsallake gidan kowa saboda addininsa ko ƙabilarsa, gama rijiya ɗaya muke sha.

Na biyu, ku zana taswirar ƙauye a babbar takarda, ko da da hannu ne. Ku nuna tudu da fadama, rafi, rijiyoyi, burtali, makabarta da filin makaranta. Malamin firamare da 'yan aji shida za su iya taimaka muku.

Na uku, ku yi shawara a kan wuraren da ba za a sayar ba ko nawa aka taya, musamman fadama. Manomin bakin gari yana da abin da na nesa ba shi da shi, watau kasuwa a ƙofar gida. Rabin eka na tumatir da albasa da alayyafo da rani yana iya riƙe gida.

Na huɗu, idan dole ta sa ɗan ƙungiya zai sayar, ya fara yi wa ƙungiya tayi. Ku kuma haɗa kuɗi ku ɗauki safiyo ɗaya, ku nemi takardun filayenku tare. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce take wannan aiki.

Ba za mu iya tsayar da gari ba, ba ma neman mu tsayar da shi. Amma rigakafi ya fi magani. Sakatarorin ƙungiya, ku sa wannan magana a kan gaba a taronku na wata mai zuwa, ku kuma rubuto mana abin da kuka samu.