Sanarwar Bayan Babban Taron 'Yan Sa-kai na Garin Kore Mairuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

GABATARWA

Mu 'yan sa-kai na garin Kore Mairuwa, cikin gundumar Tibiri ta jihar Doso, mun yi babban taronmu na ƙarshen kaka a ranar Asabar da ta gabata, a inuwar da muka saba zama kowane mako. An buɗe da addu'a tun da hantsi, aka tashi sallar azahar aka dawo, ba a watse ba sai da la'asar sakaliya. Dattawan unguwanni sun halarta, haka ma limamai, malaman lakkwal, ma'aikatan likita, iyayenmu mata masu asusu, 'yan kabu-kabu da matasan fadoji. 'Yan uwa daga Tibiri, Gesheme, Dumega da Dogon Dutsi sun tako sun zauna da mu.

An tattauna abubuwa da dama, amma magana ɗaya ce ta mamaye yinin: yadda zamanmu na mako-mako zai rayu cikin rani, lokacin da gari ke yin shiru. Taro ya yarda cewa duk wani aikin alheri da muka taɓa yi, a kan tabarmar zaman mako aka ƙulla shi, kuma ranar da tabarmar ta naɗe, aikin ma ya naɗe ke nan.

ABUBUWAN DA TARO YA LURA DA SU

1. Taimakon juna gadonmu ne. Dattawa sun tuna mana yadda ake gayya a ƙasarmu ta Arewa: mai ganga ya fito tun da asuba, samari su jeru da hauyoyinsu a gonar wanda ya gaza, 'yan mata su biyo da fura, kafin rana ta take an gama noman da mutum ɗaya zai yi mako bai kai ƙarshensa ba. Sun tuna mana samariya da sarkin samari, da yadda gwamnatin Janar Seyni Kountche, wadda ta zo a 1974, ta raya su a faɗin ƙasa, har samari suka riƙa gina azuzuwa, suna share gari, suna dasa itatuwa. Da wannan zamani ya shuɗe, sai fada ta maye gurbi a wajen matasa. Fada tana da daɗi, tana haɗa kawuna, sai dai sau da yawa butar shayi ce kaɗai ke aiki a cikinta.

2. Sirrin ƙungiyoyin da suka daɗe shi ne haɗuwa a kan kari. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara sun fara a jihar Maradi a 1991 da zubi kaɗan kowane mako, yau ga tsarinsu ana koyi da shi a ƙasashen Afirka da Asiya. Ƙungiyar Rotary, da aka kafa a birnin Shikago na Amurka a 1905, ita ma da zaman mako ta ginu, daga bisani ta shiga yaƙi da shan-inna tun 1985, har aka wayi gari a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Mu ba mu da dukiyarsu, amma abin da ya riƙe su muna da shi: rana tsayayya, wuri tsayayye, da mutanen da ba su fashi.

3. Rani yana kwashe mana mutane. Da damana da kaka zamanmu cike yake, har sai an aro tabarmi daga maƙwabta. Amma da zarar an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, sai majiya ƙarfi su kama hanyar cin rani, wasu Kebbi da Sakkwato, wasu Legas, wasu Kwatano ko Abijan. Magatakarda ya ba da labarin wata Juma'a cikin sanyin bara da ya shimfiɗa tabarmi uku, ya hura gawayi, ya ɗora buta, har aka kira magariba tabarma ɗaya ma ba ta cika ba. Mako na gaba aka ce a bari sai an dawo. Ba a sake zama ba sai da ruwan shuka ya sauka. A tsakanin nan itatuwan da muka dasa suka bushe, asusu ya tsaya, aka yi rashi a gidan ɗaya daga cikinmu wasu ba su ji ba sai bayan addu'ar bakwai. Taro bai ga laifin mai tafiya neman halaliyarsa ba. Gyaran yana wuyan waɗanda suka rage a gida.

4. Zumunci ya yi tasiri. An yaba da yadda 'yan ƙungiya ke zuwa duba marar lafiya, da halartar suna da ɗaurin aure da zaman makoki. An kuma lura cewa wani lokaci hira kan ja zaman har a tashi ba a yanke komai ba, wani lokaci kuma gardamar siyasa kan shigo ta ɓata zukata.

5. Ayyukan damanar bana sun nuna abin da za mu iya. An yi gayya a gonakin tsofaffi da zawarawan da ba su da mai noma musu. Wata gyatuma da aka nome wa gona ta zo taron da kanta, ɗauke da ƙwaryar wake a ka, ta dire a gaban shugaba ta ce: "Ɗana, ga rabon yaran nan, na gonarsu ne." Da aka ce ta mayar, sai ta ce in ba a karɓa ba, baɗi kada kowa ya taka mata gona. An karɓa, an sa a asusun marayu. Haka kuma an yashe magudanan ruwa kafin saukar ruwan sama, domin ba mu manta da ambaliyar 2024 ba, wadda ta rushe gidaje a sassan ƙasa har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba.

6. Lafiya da hanya suna buƙatar hannu da yawa. Garinmu yana bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Konni da Maradi. Manyan motoci ba su ɗaukewa dare da rana, ga yara na tsallakawa zuwa lakkwal, ga amalanke ba fitila. Ma'aikatan likita kuma sun bayyana cewa zazzaɓin cizon sauro na ƙone jinin ƙananan yara da damana, kuma sau da yawa samun mai ba da jini cikin gaggawa shi ne abin da ke tsakanin yaro da ajali. Sun ƙara da cewa maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, wata-wata daga Yuli zuwa Oktoba, na kwana uku ne a jere. Na ranar farko mai rabo ke bayarwa, na sauran kwana biyun yana hannun uwa, kuma nan ne ake yawan sakaci.

MATSAYAR DA AKA CIMMA

Bayan kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, taro ya amince da waɗannan:

1. Zaman mako zai ci gaba kowace Juma'a bayan sallar la'asar, rani da damana, ba hutu. Ko mutum uku ne suka zo, za a buɗe da addu'a, a karanta abin da aka yanke a makon jiya, a rubuta na yau. Ba wanda ke da ikon ɗage zama shi kaɗai, ko da shugaba ne.

2. An kasa zaman gida uku, kamar yadda ake kasa shayi. Na farko gaisuwa da jin lafiyar juna: wa ke kwance, wa aka yi wa haihuwa, wa ya yi rashi. Na biyu lissafin asusu. Na uku aikin mako, inda za a ambaci aikin, da ranarsa, da sunan wanda zai jagorance shi. Ba za a tashi ba sai an tsayar da aiki ɗaya, komai ƙanƙantarsa.

3. Duk mai shirin tafiya cin rani zai sanar a zama, ya bar lambar salularsa, ya kuma nuna wanda zai tsaya a madadinsa, ƙane ne ko mata ko aboki. Magatakarda zai riƙa aika wa matafiya saƙon murya bayan kowane zama. Ƙungiya kuma ta ɗauki alkawarin leƙa gidajensu, domin zumunci a ƙafa yake.

4. Iyayenmu mata da ƙannenmu mata, waɗanda su ne ke riƙe da gari cikin rani, za su samu kujerar mataimakiyar shugaba da ta ma'aji. Za a tashi zama kafin magariba saboda su samu komawa gida da wuri.

5. Zubin mako dala ashirin ne ga kowane mutum. Wanda ba shi da hali ba za a kore shi ba, guminsa ya isa. Akwatin kuɗi zai kasance da makullai uku a hannun mutum uku, kamar yadda muka gani wajen mata masu asusu, kuma ba a buɗe shi sai a gaban jama'a. Za a ƙirga kuɗi da babbar murya, a rubuta, a karanta.

6. Za a riƙa rubuta bayanin zama da Hausa, wadda kundin sake gina ƙasa ya ayyana harshen ƙasa a watan Maris na 2025, a kuma fassara da baki ga 'yan uwanmu masu jin Zabarmanci da Fulatanci.

7. Ba siyasar jam'iyya a kan tabarmar ƙungiya, ba gorin asali, ba saɓanin aƙida. Wanda ya kawo, za a yi masa nasiha sau biyu, a na uku dattawa su zauna da shi.

8. Ayyukan ranin bana su ne: share harabar likita da ta lakkwal sau ɗaya a wata, haƙa ramukan rabin wata da tassa a fakon da ya daina ba da amfani, gyaran bakin rijiyoyin unguwanni, da tsayar da manya biyu a bakin hanya safe da rana don tsallakar da yara.

9. Kowace itaciya da za a dasa ranar 3 ga Agusta, ranar da ƙasa ta saba dashen itace, za ta samu mai ita da sunansa, wanda zai kewaye ta da ƙaya ya shayar da ita har ta wuce bazara. Kowane ɗan ƙungiya kuma zai yi sassaben zamani a gonarsa, ya bar tohon gawo da sauran itatuwa su tashi, kamar yadda manoman Maradi suka fara tun shekarun 1980. Kowa ya san yadda hatsi ke kyau a gindin gawo.

10. Za a buɗe littafin masu ba da jini, na waɗanda suka kai shekara 18 da nauyin kilo 50, bisa shawarar ma'aikatan lafiya, don a san wanda za a kira ko da tsakar dare. Da damana kuma 'yan ƙungiya za su bi gida-gida a rana ta biyu da ta uku ta rabon magani, su tuna wa iyaye mata.

11. Za a nemi Ƙungiyar Agaji ta Kuros Ruj ta Nijar, wadda ke aiki a ƙasar nan tun 1963, ta koya wa matasanmu da 'yan kabu-kabu taimakon farko ga wanda ya yi haɗari.

12. An ɗora wa shugabanni kammala takardun ƙungiya bisa doka mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984 da ta tsara ƙungiyoyi, da sauran ƙa'idojin da suka biyo bayanta.

KIRAYE-KIRAYE

Muna kira ga hukumomin ƙaramar hukumarmu da na gundumar Tibiri da su tallafa mana da kayan aiki: shebur, diga, baro da irin itatuwa. Ƙarfin yi muna da shi.

Muna roƙon sarakunanmu da masu gari da limamai su sa mana albarka, su kuma ambaci zaman Juma'a a majalisunsu, domin maganar babba tana da nauyi a kunnen yaro.

Muna kira ga manoma da makiyaya, yanzu da ake kwashe amfanin gona, da kowa ya jira ranar da hukuma za ta tsayar ta sakin gonaki. Manomi ya bar burtali a buɗe, makiyayi ya tsare dabbarsa. Kwarin Dallol Mawri ya ɗauke kakanninmu tare, zai ɗauke mu in mun yi haƙuri da juna.

Muna kira ga 'ya'yan Kore Mairuwa mazauna Yamai, Doso, Najeriya da sauran ƙasashe da su tuna gida. Wanda ya zo ganin iyaye, ya ware Juma'a ɗaya ya zauna da mu.

Muna kira ga matasan fadoji: ba mu ce ku bar shayinku ba. Ku zo da butarku, mu sha tare, mu tashi mu yi aiki tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

GODIYA

Taro ya gode wa dattawan da suka yini tare da mu duk da nauyin shekaru, da iyaye mata da suka ciyar da baƙi daga aljihunsu, da 'yan uwan da suka taso daga garuruwan maƙwabta. An yi addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da matafiyanmu Allah Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya, da ƙasarmu Nijar Allah Ya zaunar da ita lafiya.

Ya ku jama'ar Kore Mairuwa, maza da mata, manya da yara: zama na gaba ranar Juma'a ne bayan la'asar, a inda aka saba. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar ɗan gidan wane ne. Tabarma tana shimfiɗe, ku zo mu cika ta.

Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, amin.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Magatakardan Ƙungiya
A madadin ɗaukacin mahalarta taro, Kore Mairuwa.