Fara Ce, Saboda Haka Mai Hali Ce? Mu Marubuta Mu Binciki Kanmu

Maudu'in wannan makon zai sosa wa wasunmu rai, amma gara a faɗa.

Ku ɗauko labaran soyayya goma cikin waɗanda muke rubutawa, ku duba jarumar. Fara ce sol, doguwa, mai dogon hanci da dara-daran idanu, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya. Kishiya ko muguwar uwar miji kuwa baƙa ce, gajera, hanci a baje. Mugun saurayi jajayen idanu gare shi da tsage a kumatu. Kafin kowa ya buɗe baki mun riga mun yanke masa hukunci. In aka yi mana magana sai mu fake da cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan karin magana yanayin da mutum yake ciki take nufi, murna ko damuwa. Ba ta ce siffar da aka haife ka da ita ce ke nuna halinka ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan kuskure. A 1972 Karen Dion da Ellen Berscheid da Elaine Walster sun nuna wa ɗalibai a Amurka hotunan mutanen da ba su sani ba. Ɗaliban suka ɗora wa kyawawan ciki kyawun hali, da aure mai daɗi, da aiki mai daraja, alhali ban da hoto ba abin da suka gani. A 2006 Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton sun gano cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke cewa wannan fuska ta mai amana ce ko a'a. Da aka ƙara wa mutane lokaci, hukuncin bai canja sosai ba, sai dai sun ƙara sakankancewa da shi. Todorov ɗin ya rubuta littafi a 2017 yana nuna cewa saurin wannan hukunci bai sa ya zama daidai ba.

Mu dawo gida. A cikin birnin Zariya, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, da saurayi ya fara zuwa zance sai manya su shiga bincike: ɗan wane gida ne, mece ce sana'arsa, yaya zamansa da maƙwabta? Yau sau da yawa hoto ne ke riga mutum isa. A tura ta WhatsApp, a kalla sau ɗaya, a ce bai yi ba. Yarinyar da ta taso tana karanta labaranmu ta haddace cewa fara ake so, sai ta nufi kanti neman man bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan ƙara hasken fata, wasu mayukan kuma da sinadarai masu lahanta ƙoda. Ba mu kaɗai muka jawo haka ba, amma da hannunmu a ciki.

Za a ce masu karatu ne ke son haka. Ba wanda ya hana a yi jaruma kyakkyawa. Abin da muke ƙi shi ne a ɗaure kyau da nagarta, a ɗaure baƙar fata da mugunta. Abubakar Imam, wanda ya yi aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo a garin nan tun 1939, bai riƙe masu karatu da tsawon hanci ba. Abin da ake tuna Malam Zurƙe da shi a Ruwan Bagaja wayonsa ne da ɗanyen aikinsa.

Laifinmu na biyu shi ne yadda muke guje wa bincike. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun wannan fanni, ya tarar kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka yi gwaji da su daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Ke nan abin da ake cewa an sani game da fuska da zaɓen masoyi, kusan babu muryarmu a ciki. Wa zai bayyana musu cewa budurwar da ta sunkuyar da kai a gaban baƙo kunya ce da tarbiyya, ba rashin gaskiya ba? Wa zai faɗa musu matsayin wushirya a wurinmu, ko ma'anar tsagen gado?

Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, tafiyar mota kaɗan daga Ƙofar Doka. Amma duk sanda ɗalibi ya turo mana tambayoyin bincikensa, sai mu share, ko mu cike da ka, ko mu ce nawa za a biya. Tambaya haƙƙinmu ce: wane malami ke duba aikin, za a ɓoye sunanmu, za mu iya janyewa in mun ga dama? Kada kuma mu ba da hoton wani ba da izininsa ba. In amsa ta gamsar, mu zauna mu cike da gaskiya. In an jera hotuna hannunka ya tafi kan farar, ka rubuta haka, sannan ka tambayi kanka wa ya koya maka. Marubuci ya fi kowa buƙatar wannan madubi.

Aikin wannan makon: kowa ya ɗauko babin farko na labarinsa, ya goge duk inda ya ambaci launin fata da siffar hanci, ya sake karantawa. In har yanzu ana gane mai kirki da mugu daga maganarsu da aikinsu, madalla. In komai ya rushe, to hoto ka zana, da sauran aiki a gabanka.

Allah ya ƙara mana basira.