Raunin tsufa: Me ya sa "lafiya lau" ba ta isa amsa ba?

Wannan makon za mu duba abin da likitoci ke kira raunin tsufa, wato yanayin da ƙarfin jikin dattijo ke ƙarewa har ƙaramin abu, kamar mura ko zamewa a banɗaki, ya kwantar da shi makonni. Ba kowane tsoho ne ke da shi ba. Akwai ɗan shekara 80 da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa, akwai ɗan 65 da tashi daga tabarma ke gagararsa.

A shekarar 2001 Dakta Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka fitar da alamomi biyar: ramewa ba da niyya ba, kamar kilo huɗu da rabi a shekara, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsa jiki. Mai uku daga ciki yana da raunin, mai ɗaya ko biyu yana kan hanya. A 2005 Dakta Kenneth Rockwood na Kanada ya kawo wani ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi har yau.

Matsalar ta fito ne da masu bincike suka fara kai waɗannan tambayoyi wasu ƙasashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi babban nazari kan tsufa a ƙasashe shida: Sin, Indiya, Ghana, Meziko, Rasha da Afirka ta Kudu. Auna nauyi da ƙarfin hannu abu ne mai sauƙi a ko'ina. Amma sanin yadda tsoho ke ji a ransa sai an zauna an yi hira da shi, a nan kuwa harshe da al'ada ke shigowa.

Shi ya sa ake fassara tambaya zuwa harshen mutane, sannan a ba wani daban ya mayar da ita harshen farko, a ga ko ma'anar ta tsira. Duk da haka sai a sha wuya. Ko a Ingila, binciken da ƙungiyar Age UK da ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar suka sa aka yi a 2015 ya gano dattawa ba sa son a kira su masu rauni, suna jin kalmar kamar an yanke musu ƙauna.

To ina ga namu? Ka tambayi Baba yaya jiki, zai ce lafiya lau, ko da kwana uku bai ci abin kirki ba. Kunya ba za ta bar Inna ta faɗa wa matashin likita cewa fitsari na kufce mata ba. Sau da yawa ɗan da ya kawo ta asibiti ne ke amsa mata. Tambayar da aka tsara a Turai kan hawa bene ko sayayya a kanti ba ta da amfani ga tsohuwar da jikoki ke yi wa komai.

Darasin da masu binciken suka koya ya shafe mu a gida: a tambayi aiki, kada a tsaya kan gaisuwa. Baba yana iya miƙewa daga zaune ba tare da dafa bango ba? Ya daina zuwa masallaci ko majalisa? Zanin Inna ya fara yi mata yawa? Ta faɗi a watannin nan? A bar su su amsa da bakinsu.

Idan amsoshin sun tayar da hankali, kada a ce tsufa ne kawai. A kai su asibiti a duba jini, suga, ido da magungunan da suke sha. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan yana da cibiyar kula da tsofaffi tun 2012. A gida kuma a ƙara musu wake, ƙwai, kifi da nono, a bar su su riƙa takawa kullum, a gyara haske da santsin banɗaki. Hana tsoho motsi da sunan tausayi yana ƙara masa rauni ne. Idan an farga da wuri, ƙarfi kan dawo.

Sai mako mai zuwa.