Bizar Ziyarar Iyaye: Zuwa Ne, Ba Zama Ba

Jama'a, duk wanda ya baro Arewa ya zo neman abinci Ikko ko Badun ya san nauyin barin tsofaffi a gida. Amma mu nan da sauƙi. Mutumin Lafiya da ke zaune a Agege, in ya so ganin mahaifiyarsa sai ya aika da kuɗin mota, ta zo ta zauna iyakar son ranta, ba mai tambayarta takarda. To, yanzu 'ya'yanmu sun wuce mu nisa. Likitoci da ma'aikatan jinya da malamai daga Jihar Nasarawa da sauran Arewa sun tsallaka Ingila da Kanada da Saudiyya, su kuwa sai da biza iyayensu za su gan su.

A al'adarmu 'ya ce kan tafi wankan gida wajen uwarta in ta yi haihuwar fari. Yau uwar ce za ta yi fasfo, wanda kuɗinsa ya koma naira 100,000 a watan Satumba na 2025, ta bi ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja a ɗauki hoton yatsunta, sa'an nan ta koma ta jira amsa.

Bari mu duba abin da ƙasashen suke bayarwa. A Ingila baƙo ba ya wuce wata 6 a zuwa guda, ko da bizarsa ta shekara 10 ce, kuma in ya kwanta asibiti za a kawo masa lissafi. Zama na dindindin kuwa, tun 2012 aka tsananta shi: sai an tabbatar tsohon ba ya iya hidimar kansa, kuma ba yadda zai sami mai kula da shi a ƙasarsa, ko da ɗan yana aiko da kuɗi. Kanada ta fito da bizar iyaye da kakanni a 2011, ta kuma ƙara wa'adin zama daga shekara 2 zuwa 5 a 2022, amma sai ɗan ya nuna ƙarfin samunsa, an kuma sayi inshorar lafiya ta dalar Kanada 100,000. Ostireliya ta buɗe tata a 2019, ta shekara 3 ko 5, duka-duka ba a wuce shekara 10. Amurka kuwa a Yuli 2025 ta mai da yawancin bizar 'yan Nijeriya ta wata 3, shiga ɗaya, a Disamba kuma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa bizar ziyara.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan ƙasashe tsofaffinsu sun yi musu yawa, kuɗin asibiti ya yi musu nauyi. Ƙarfin saurayi suke so, ba ɗawainiyar tsohonsa ba. Watau ɗan da aka yi wa tarbiyya a Lafiya yana can yana jinyar iyayen wasu, nasa kuwa an ƙidaya musu kwanaki.

Saboda haka kada wani ya sayar da gona ko gidan gado da sunan tsohuwa ta tafi ke nan. Kada kuma a bar wa'adi ya wuce tana can, domin wanda ya zarce kwanakinsa yakan rufe wa kansa ƙofa, har ya ɓata wa ɗan da ya gayyace shi suna. A guji 'yan kamasho masu alkawarin biza. Ofishin jakadanci kaɗai ke da ikon bayarwa.

Abin da ya fi shi ne 'yan'uwa su zauna tun da wuri su raba aiki: na waje ya ɗauki kuɗin magani da abinci, na Kudu ya riƙa leƙawa gida, a kuma san wanda zai kwana kusa da tsohon. Ziyara tana da daɗi, amma in wa'adi ya cika, Lafiya za a komo. Allah ya ba mu ikon sauke hakkin iyaye, amin.