Ranar Ta Wuce, Duniya Na Nan: Ina Masu Cewa Injin CERN Zai Haɗiye Mu?

Daren Litinin 4 ga Yulin 2022, saura kwana biyar Babbar Sallah, ragonmu na ɗaure a gindin darbejiya yana tuƙa, 'yar ƙanwata ta same ni a tsakar gida riƙe da wayar mahaifiyarta. Shekarunta 14. Tuwon da aka zuba mata tun magariba yana nan a rufe, ko loma ba ta kai ba. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, da gaske ne gobe Turawa za su kunna injin da zai huda ƙasa, Yajuju da Majuju su fito? Ke nan ba za mu ga Sallah ba?" Wayar sai karkarwa take a hannunta.

Na karɓa na saurara. Muryar magidanci ce, Hausa tsantsa, ya buɗe da sallama da salati, ya rufe da roƙon don Allah a tura wa 'yan'uwa Musulmi. Tsakanin wannan da wancan kuwa zuƙi ta malle ce zalla, har wajen minti bakwai. Gari ya waye Talata, aka kunna injin, Asabar muka yanka ragonmu. Mai muryar nan bai dawo ya ce a yafe masa ba. Har yau in na tuna fuskar yarinyar nan sai raina ya ɓaci, kuma ba na son ya huce.

Injin da ake magana a kai sunansa LHC, na cibiyar bincike ta CERN da ƙasashen Turai suka kafa a 1954 kusa da birnin Jeniba. Rami ne zagayayye mai tsawon kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, ya ratsa iyakar Faransa da Suwizalan. A cikinsa ake koro furoton, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, da gudun da ya kusa na haske, wasu ta dama wasu ta hagu, a gwara kansu, a duba tarkacen da ya fito. Da shi aka gano ƙwayar Higgs, aka sanar a ranar 4 ga Yulin 2012, abin da Peter Higgs da wasu masana suka yi hasashe da alƙalami tun 1964. Aikinsa ke nan.

Tsoron nan kuma ba a Kano ko Damagaram aka haife shi ba, kwance ne muka saya. A watan Maris na 2008 wasu mutum biyu, Walter Wagner da Luis Sancho, suka shigar da ƙara a wata kotu a Hawai ta Amurka suna neman a hana kunna injin, wai zai haifi ɗan ƙaramin baƙin rami da zai yi ta cin ƙasa har ya lamushe ta. Kotu ta kori ƙarar a watan Satumba. Wagner ɗin nan ya taɓa yin irin wannan kururuwa a kan wani injin da ke Brookhaven a Amurka, injin ya fara aiki a 2000, babu abin da ya faru, shi kuma ko gezau. A Jamus wani farfesa, Otto Rössler, da abokan ra'ayinsa suka kai kuka kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ta ƙi ba su umarnin da suka nema. Da aka tambayi Wagner a wani shirin talabijin a 2009 yadda ya auna girman haɗarin, sai ya ce rabi da rabi ne, tunda abu ko dai ya faru ko kada ya faru. Da wannan lissafi, wanda ɗan aji uku zai ji kunyar rubutawa, aka hana miliyoyin mutane barci.

Ba barci kaɗai aka rasa ba. A makon da aka fara kunna injin, wanda aka yi ranar 10 ga Satumban 2008, wata yarinya 'yar shekara 16 a jihar Madhya Pradesh ta Indiya ta sha maganin ƙwari ta mutu, bayan ta yi ta kallon tashoshin talabijin suna nanata cewa duniya ta zo ƙarshe. Injin bai kashe kowa ba. Jita-jitar da aka yi a kansa ta kashe 'yar mutane. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage: a watan Agustan 2014 saƙon waya ya tashi mutane da tsakar dare su yi wanka da ruwan gishiri su sha saboda Ebola, aka rasa rayuka.

Wani zai ce, to ai tambaya ba laifi ba ce. Na yarda, kuma an amsa ta, amsa mai sauƙin da na iya yi wa yarinyar nan bayaninta a kan tabarma. Duk lokacin da furoton biyu suka yi karo a cikin LHC, ƙarfin karon bai wuce na sauro goma sha huɗu suna shawagi ba, sai dai an tattara shi a wuri ɗan mitsitsi. Sannan abin da injin ke yi, sama ta daɗe tana yin wanda ya fi shi. Dare da rana ƙwayoyi na zubo mana daga sararin samaniya suna dukan iskar da ta lulluɓe duniya. A watan Oktoban 1991 wata na'ura a jihar Utah ta Amurka ta hango ƙwaya ɗaya tak mai ƙarfin tubalin kilo 5 da aka saki daga tsayin mita ɗaya, kuma karon da ta yi da iskarmu ya ninka na LHC fiye da sau 50. Kwamitin masana da ya binciki lamarin a 2008 ya ƙiyasta cewa ruwan ƙwayoyin nan ya riga ya yi wa duniya abin da ya kai aikin LHC sau dubu ɗari. Ga duniya nan, ga wata, ga rana.

Masu kururuwa suka ce ai baƙin ramin da karon sama zai haifar wucewa zai yi da gudu, na cikin injin kuwa zai tsaya. Masana biyu, Steven Giddings da Michelangelo Mangano, suka zauna suka bi wannan ma da lissafi. Akwai matattun taurari masu tsananin cunkoso, waɗanda babu ɗan baƙin ramin da zai ratsa su bai maƙale ba. Da maganar gaskiya ce, da tuni an cinye su. Suna nan, ana hango su, wasu sun shekara miliyoyi barkatai. Aka buga wannan bincike a fili don duk mai ja ya zo da alƙalaminsa. Ba su rushe shi ba, sai suka sauya waƙa: yau ƙofar aljanu, gobe ƙofar wata duniya, a 2024 kuma suka ɗaura shi a kan husufin rana na 8 ga Afrilu.

Ba ina cewa masana ba sa kuskure ba. Kwana tara da fara kunna injin a 2008, wani haɗin lantarki tsakanin maganaɗisu biyu ya narke, tan shida na iskar hiliyom ya tsere, aka ciro maganaɗisu 53, aiki ya tsaya fiye da shekara. CERN ce da bakinta ta bayyana haka. A 2011 masu wani gwaji da ake kira OPERA suka sanar cewa awonsu ya nuna wata ƙwaya ta fi haske gudu. Bayan 'yan watanni suka gano wata waya ce ba ta ɗauru da kyau ba, suka fito suka faɗa, shugabanninsu biyu suka ajiye muƙami. Ku nuna mini mutum ɗaya cikin masu sa wa duniya ranar mutuwa da ya taɓa yin haka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne namu na gida, mai ɗauko tatsuniyar wani Bature a TikTok ya naɗa mata rawani. Zai nuna maka gunkin Shiva da ke harabar CERN ya ce ga hujja, ba zai gaya maka cewa kyauta ce gwamnatin Indiya ta bayar a 2004 ba. Zai ce sun ce sun gano "ƙwayar Ubangiji", ba zai gaya maka cewa wannan laƙabi na ƙwayar Higgs ya fito ne daga sunan wani littafi da Leon Lederman ya fitar a 1993 ba, kuma Higgs kansa ya ƙi jinin laƙabin. Ni ma na ƙi shi, mummunan suna ne. Amma duk ɗan makarantar allo ya san sanin ranar tashin alƙiyama na Allah ne Shi kaɗai, ko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai sa mata rana ba. Kai wane ne da za ka sa mata Talata? Ka yi wa kimiyya ƙarya, ka yi wa addini ƙarya, ka tura ta kan intanet, alhali tsarin shafukan da ka tsinto labarin a kansu a CERN ɗin Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shi a 1989, aka sakar wa duniya kyauta a 1993.

Akwai tambayoyi na gaskiya da ya kamata a yi, kamar ko ya dace a zuba biliyoyin kuɗi a sabon rami mai kusan kilomita 91 da CERN ke son haƙawa. Masana da kansu suna jayayya a kai. Wannan muhawara ce ta masu hankali, kuma duk sa'ar da aka ɓata kan aljanu an sace ta ne daga gare ta.

Malamanmu na kan mumbari, ku fito ku ce wa masu sa wa alƙiyama rana su ji tsoron Allah. Malaman kimiyya, ku yi bayanin nan da Hausa a aji da gidajen rediyo, kada ku bar fagen ga mai wayar da ya fi kowa ƙarfin murya. Kai kuma ɗan'uwa, duk ranar da irin wannan saƙo ya shigo wayarka, kada ka tura. Ka tambayi wanda ya turo maka ina aka kwana a kan ranar 5 ga Yulin 2022, kuma ka tuna akwai yara a gidan da za ka tura wa.